Wace 'yar fim ɗin Ayalan ce za ta iya ɗaukar rayuwar Sinéad O'Connor?

Duk wanda zai yi fim ɗin tarihin Sinéad O'Connor, mawaƙiyar Ayalan da ta rasu a Landan ranar 26 ga Yulin 2023 tana da shekara 56, zai fara karo da tambaya ɗaya kafin ya ɗauki kyamara: wa za a ba? Rayuwar matar nan ta yi faɗi da yawa. An haife ta a Dublin a 1966. Tana shekara 20 ta fitar da kundin waƙoƙinta na farko, a 1990 duniya ta san fuskarta, a 1992 Amurka ta juya mata baya, a 1999 wani coci da ya ɓalle daga Katolika ya naɗa ta limamiya, a Oktoban 2018 kuma ta sanar da cewa ta musulunta, ta ɗauki sunan Shuhada. Sheikh Umar al-Qadri ne ya jagoranci addu'ar jana'izarta a watan Agustan 2023.

Na ɗauki mata huɗu 'yan ƙasar domin aunawa: Jessie Buckley, Saoirse Ronan, Eve Hewson da Alison Oliver. Ka ɗauka kai ne furodusan, kuɗin a hannunka yake, kuma sau ɗaya za ka zaɓa.

Ma'aunan da za a bi

Murya ce a gaba. Sinéad kan fara baiti da raɗa, kafin ta kai ƙarshensa ta tsage shi da ƙara, kuma akwai wata karyewa a maƙogwaronta da ta samo asali daga tsohon salon waƙar gargajiyar Ayalan da ake rerawa ba kiɗa. Hanya biyu ce ga mai fim. Ko jarumar ta rera da kanta, kamar yadda Renée Zellweger ta yi a Judy na 2019, ko kuma ta yi mamin a kan muryar mai waƙar, kamar yadda Marion Cotillard ta yi a fim ɗin Édith Piaf na 2007, kuma dukkansu biyu sun ci Oscar. Mu da muka saba da finafinan Kano, inda jaruma ke motsa baki muryar wata na fita, mamin ba zai dame mu ba. Amma akwai wurin da mamin ba ya aiki a wannan labarin. Ranar 3 ga Oktoban 1992, a shirin talabijin na Saturday Night Live, Sinéad ta tsaya ita kaɗai ta rera waƙar Bob Marley mai suna War babu ganga babu jita, sannan ta yayyaga hoton Paparoma John Paul na biyu a gaban kyamara don nuna adawa da cin zarafin yara a cocin Katolika. Wurin da ba kiɗa, ana jin numfashi da haɗiyar yawu, ɗan kallo zai gane in bakin da muryar ba na mutum ɗaya ba ne.

Na biyu shi ne juriya, wato shekaru nawa na rayuwar jarumar za ta iya ɗauka ba tare da ta zama abin dariya ba. Daga yarinya 'yar 15 da aka kai gidan horo na An Grianán, wanda matan coci ke gudanarwa a Dublin, ta yi wata 18 a can saboda ƙananan sace-sace a kanti da gudun makaranta, zuwa uwa mai shekara 55 da ta binne ɗanta Shane a Janairun 2022, akwai tazarar shekara 40. Kwalliya na iya ƙara wa fuska shekara goma ko sha biyar cikin mutunci. Fiye da haka sai roba ta fara yin wasan maimakon mutum.

Sai kuɗi. Ba ladan jarumar kawai ake nufi ba, har da abin da sunanta zai jawo daga masu zuba jari da masu sayen haƙƙin nunawa. Jaruma mai tsada wani lokaci ita ce ke sa fim ya samu kasafi tun farko. Gwamnatin Ayalan na mayar wa masu fim kashi 32 cikin 100 na kuɗin da suka cancanta da aka kashe a ƙasar ta hanyar rangwamen haraji, wannan kuwa kowace aka ɗauka za a samu.

Sauƙi ya shafi karin harshe, samun lokacin jarumar, da yardarta ta aske kai ƙwal. Hular roba mai kama da sanƙo ba za ta tsira ba a fim ɗin da rabinsa kyamara na manne da fuska.

Haɗari kuma iri biyu ne: mutanen Ayalan su ce wannan ba Sinéad ɗinmu ba ce, ko kuma sunan jarumar ya rufe na wadda ake ba da labarinta.

Akwai wata matsala da ke jiran kowa, ko wa aka zaɓa. Waƙar da ta fi fito da ita, Nothing Compares 2 U, ba ita ta rubuta ba, mawaƙin Amurka Prince ne. Lokacin da Kathryn Ferguson ta yi fim ɗin gaskiya a kan Sinéad a 2022, magada Prince sun hana a yi amfani da waƙar. Furodusan da bai warware wannan ba tukuna, gara ya jinkirta maganar jaruma.

Jessie Buckley

An haife ta a Killarney ta gundumar Kerry a Disamban 1989. Mahaifiyarta mai koyar da waƙa ce, kuma Jessie ta yi sakandare a makarantar matan coci ta Ursuline da ke Thurles, don haka tarbiyyar Katolika irin ta Ayalan ba labari za a ba ta ba. Ta hanyar waƙa ta shigo harkar: a 2008 ta zo ta biyu a gasar BBC ta neman wadda za ta yi waƙa a wani wasan dandamali na Landan. Maimakon ta tsaya cin gajiyar sunan da ta samu, sai ta koma makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA, ta gama a 2013. Wannan matakin ne ya raba ta da sauran 'yan gasar talabijin da ake mantawa da su bayan shekara biyu.

A Wild Rose na 2018 ta fito a matsayin matashiya 'yar Glasgow da ta fito daga kurkuku, tana da yara biyu, tana mafarkin zama mawaƙiya a Nashville, kuma ita ta rera waƙoƙin da bakinta. A Chernobyl na 2019 ita ce matar ɗan kwana-kwanan da ta ƙi barin gefen gadon mijinta. The Lost Daughter na 2021 ya sa aka zaɓe ta cikin masu takarar Oscar, a 2022 ta ci lambar Olivier saboda wasan Cabaret a Landan, kuma a shekarar dai kundin waƙoƙin da ta yi da Bernard Butler ya shiga jerin masu neman kyautar Mercury. Sai Hamnet na 2025, inda ta fito a matsayin matar Shakespeare da ɗanta ya mutu. Wanda ya ga yadda ta ɗauki wannan makoki ya riga ya ga rabin abin da ake buƙata don shekarar 2022 ta rayuwar Sinéad.

Ba ma sai an yi hasashe a kan muryar ba. A 2020 ta rera Troy, ɗaya daga cikin waƙoƙin Sinéad mafi wuya, tare da ƙungiyar makaɗa ta gidan talabijin na RTÉ, kuma hoton yana nan a intanet. Abin da za ka ji shi ne murya mai kauri da ɗumi fiye da ta Sinéad ta 1987, wadda siririya ce mai kaifi. Ba kwaikwayo ta yi ba, ta mayar da waƙar tata. Wasu za su ɗauki wannan aibi. Ni ina ganin shi ne dalilin ɗaukarta, domin wadda ta tsaya kwaikwayon kowace karyewar murya za ta ƙare tana wasan barkwanci ba tare da ta sani ba.

Rauninta na wajen ƙuruciya. Ta haura 35, kuma fuskarta ta mace ce da ta ga duniya. Sinéad ta bidiyon Nothing Compares 2 U na 1990, 'yar shekara 23 mai manyan idanu da hawaye ke gangarowa, za ta yi mata wuya, 'yar 15 kuwa ba ta taso ba. Amma daga 1992 zuwa ƙarshe babu wadda ta kai ta cikin huɗun. Karin harshen Kerry ya yi nisa da na kudancin Dublin, sai dai matar da ta shawo kan na Glasgow har mutanen garin suka yarda, wannan ba zai gagare ta ba. Farashinta ya tashi sosai bayan Hamnet, kuma samun watanni shida a jere daga gare ta yanzu sai an yi layi. Haɗarin da na fi gani shi ne ƙarfinta. Buckley na cika hoto, tana da murmushin gefe guda da kowa ya sani, Sinéad kuwa a hira mai sanyin murya ce, mai sunkuyar da kai da jin kunya, sai ta hau dandamali take zama wata. Daraktan da bai iya riƙe linzami ba zai samu fim ɗin Jessie Buckley, ba na Sinéad ba.

Saoirse Ronan

Ita ce sunan da masu kuɗi za su fara kira. An haife ta a New York a Afrilun 1994, iyayenta 'yan Dublin ne, suka koma da ita gida tana shekara uku, ta girma a gundumar Carlow. Tana 13 aka sa ta cikin masu takarar Oscar saboda Atonement na 2007, sannan aka sake a Brooklyn, Lady Bird da Little Women, sau huɗu ke nan kafin ta cika 26. Alƙaluman kasuwa ma na bayanta: an kashe kimanin dala miliyan 10 a Lady Bird ya kawo kusan miliyan 79, Little Women kuma ya haura miliyan 200.

Baiwarta a fuska take. Tana iya tsayawa shiru gaban kyamara ɗan kallo ya karanta abu uku a idonta, kuma bidiyon da ya mayar da Sinéad tauraruwa kusan gaba ɗayansa fuska ce a kan baƙin bango. A wannan fage Ronan ta fi Buckley. Wajen karin harshe kuwa ba ta da tsara: ta yi na Ingila, na California, na Sikotland, kuma na Dublin shi take ji a gidansu. A The Outrun na 2024, wanda tana cikin furodusoshinsa, ta fito a matsayin matashiya mai fama da jarabar giya, ta nuna za ta iya yin muni da rugujewa, abin da wasu ke shakka a kanta a da. Ta kuma taɓa jagorantar Saturday Night Live a Disamban 2017, wato ta san ɗakin da abin ya faru.

Matsalar ita ce waƙa. Ta rera a Blitz na 2024 kuma muryar ta yi daɗi, amma daɗi daban, tsage baiti da ƙara a gaban dubban mutane daban. Kwana 13 bayan yaga hoton, Sinéad ta hau dandamalin Madison Square Garden a bikin karrama Bob Dylan, jama'a suka yi ta yi mata ihu, ta dakatar da makaɗa ta sake rera War da ƙarfi a kan hayaniyarsu, sannan ta faɗa jikin mawaƙi Kris Kristofferson tana kuka. Da Ronan, kusan tabbas sai an haɗa muryarta da ta asali ko a yi mamin, kuma hakan na ƙara kuɗin haƙƙin sauti. Wajen shekaru za ta ɗauki 1987 zuwa ƙarshen shekarun 1990 lafiya, amma shekarun hijabi sai da kwalliya mai nauyi. Ita ce mafi tsada, kuma an riga an sanar da ita a matsayin Linda McCartney a finafinan Beatles huɗu na Sam Mendes da za su fito a 2028, don haka mai son ta sai ya yi haƙuri, kuma ya yarda 'yan kallo su gan ta a finafinan tarihin mawaƙa biyu kusa da juna.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: mutane na son Ronan tun kafin ta buɗe baki. Sinéad ba ta da wannan gatan. Ta ƙi yarda a buga taken Amurka kafin wasanta a New Jersey a 1990, ta ƙaurace wa bikin Grammy na 1991 duk da ta ci kyauta, ta yi faɗa da 'yan jarida da abokan sana'a a fili. Fim ɗin da ya sa ta zama mai daɗin sha'ani ya yi mata ƙarya.

Eve Hewson

'Yar Dublin ce, haihuwar 1991, ta tashi a Killiney, tafiya kaɗan daga Glenageary inda Sinéad ta girma. Karin harshe ba sai an koya mata ba. Bad Sisters na 2022 ya nuna ta iya barkwanci mai cizo, wanda ake buƙata, domin Sinéad mai ban dariya ce ƙwarai, abin da masu tuna ta da hawaye kawai ke mantawa. A Flora and Son na 2023 ta fito a matsayin uwa mai zafin baki da ke koyon jita, ta kuma rera da kanta, murya madaidaiciya da ta dace da wancan labarin amma ba ta kusa da abin da ake nema a nan. Farashinta tsaka-tsaki ne.

Haɗarinta sunan mahaifinta, Bono na ƙungiyar U2. Sinéad ta yi waƙa da The Edge, makaɗin jitar ƙungiyar, a 1986, daga baya ta caccaki U2 a jaridu, kuma Bono ya halarci jana'izarta. Duk hirar tallata fim ɗin za ta koma kan wannan dangantaka. A ba 'yar mawaƙin da ya fi kowa arziki da ƙarfi a harkar kiɗan Ayalan matsayin matar da ta yi rayuwarta tana faɗa da masu ƙarfi, mutanen Dublin ba za su bar maganar ta wuce ba.

Alison Oliver

'Yar Cork ce, haihuwar 1997, ta gama makarantar Lir a Dublin a 2020, aikinta na farko a gaban kyamara kuma shi ne babban matsayi a Conversations with Friends na 2022. Shekara guda bayan nan ta fito a Saltburn a matsayin 'yar masu kuɗin Ingila, ta bambanta har wasu ba su gane ita ce ba. Ita ce mafi kusa da shekarun Sinéad na tashe, mafi araha, kuma fuskarta ba ta riga ta manne da wani matsayi a zukatan mutane ba, don haka in ta aske kai Sinéad za a gani. Ba ta yi suna da waƙa ba, sunanta kaɗai ba zai jawo babban jari ba, kuma shekarun bayan 2000 sun fi ƙarfin fuskarta a yanzu.

| Ma'auni | Buckley | Ronan | Hewson | Oliver |
|---|---|---|---|---|
| Shekarar haihuwa | 1989 | 1994 | 1991 | 1997 |
| Murya | Za ta rera da kanta | Sai an haɗa ko mamin | Sai an haɗa ko mamin | Mamin |
| Shekarun da za ta ɗauka | 1992 zuwa 2023 | 1987 zuwa 1999 | 1990 zuwa 2005 | 1982 zuwa 1993 |
| Kuɗi | Tsada | Mafi tsada | Tsaka-tsaki | Mafi sauƙi |
| Jawo jari | Sosai | Fiye da kowa | Matsakaici | Kaɗan |
| Karin harshen Dublin | Sai ta koya | Tana da shi | Nata ne | Sai ta koya |
| Babban haɗari | Ta rufe Sinéad | Ta yi laushi | Inuwar Bono | Rashin suna |

Shekarun da ke layi na uku kiyasina ne daga fuska da irin wasan kowacce.

Wacce ta dace da wane fim

Kafin ka zaɓi jaruma, yanke shawarar inda fim ɗin zai tsaya. Mafi sauƙi shi ne a fara daga gidan mahaifiyarta, wadda Sinéad ta sha faɗin irin dukan da ta yi mata kuma ta mutu a haɗarin mota a 1985, a bi ta zuwa tashe, a rufe da yaga hoton Paparoma, sannan a rubuta a allo cewa rahotannin binciken gwamnatin Ayalan na Ryan da Murphy na 2009 sun tabbatar da cin zarafin yaran da ta yi magana a kai. Fim ɗin gaskiya na 2022 kusan wannan zangon ya ɗauka, 1987 zuwa 1993. In wannan kake so kuma kasafinka ƙarami ne, irin na masu neman tallafin hukumar fim ta Ayalan da rangwamen haraji, ɗauki Oliver, ka zuba sauran kuɗin a haƙƙin waƙoƙi da muryar asali. In kuwa wannan zangon kake so amma da kamfanin Amurka da gidajen sinima na duniya da neman Oscar, Ronan ce, ka shirya jiran lokacinta.

Hewson ta fi dacewa da shiri mai dogon zango na talabijin, inda akwai sarari ga barkwanci, aure huɗu, renon yara da rigingimun jarida, ba fim ɗin awa biyu da ya dogara da dandamali ba.

Amma fim ɗin da ya tsaya a 1993 ya yanke shekara 30 na rayuwar matar, kuma a cikinsu ne abin da ta yi ta nema ya bayyana. Ta je Jamaika ta yi kundin waƙoƙin Rasta a 2005, ta yi magana a fili kan ciwon ƙwaƙwalwar da take fama da shi, har da bidiyon da ta sa a Facebook a 2017 daga wani ɗakin otal a New Jersey, sannan ta yi shahada, ta sa bidiyonta tana gwada kiran salla, ta kuma fito a shirin The Late Late Show na Ayalan a 2019 da hijabi ta rera waƙarta mafi shahara. Mai kallo Musulmi zai lura nan take in jaruma ta sa hijabin kamar kayan aro, ko aka nuna musuluntar a matsayin wata alama ta rashin lafiya, kamar yadda wasu jaridu suka yi a lokacin. Wannan zangon na buƙatar mace da za ta iya zama shiru a kan sallaya a yarda da ita, kuma ta miƙe ta rera da muryar da ta sha taba da shekaru. Buckley ce kaɗai cikin huɗun za ta yi duka biyun.

In kana son rayuwar gaba ɗaya, kada ka ɗora wa mutum ɗaya. An taɓa raba rayuwar mawaƙi Brian Wilson tsakanin jarumai Paul Dano da John Cusack a fim ɗin Love & Mercy na 2014 kuma ya yi aiki. Oliver ta ɗauki daga An Grianán zuwa daren Madison Square Garden, Buckley ta karɓa daga nan zuwa 2023. Ladan mutum biyu za ka biya, kuma sai ka sa su zauna tare na makonni su daidaita tafiya, riƙon taba da yadda Sinéad ke sunkuyar da kai in an yi mata tambayar da ba ta so.